Da ɗan gari akan ci gari: 'yan Kambirij biyar da suka kwashe sirrin Ingila suka kai wa Rasha

A watan Nuwamba na 1955 wani Bature mai suna Kim Philby ya tara 'yan jarida a falon gidan mahaifiyarsa a Landan, ya ci kwat ɗinsa tsaf yana ta murmushi kamar wanda aka zo yi wa barka, suka tambaye shi wai shin kai ne mutum na uku da ya tsegunta wa Burgess da Maclean, jami'an diflomasiyyar Birtaniya biyu masu yi wa Rasha leƙen asiri, har suka tsere, ya ce a'a ba shi ba ne, ya ma ƙara da cewa rabonsa da yin magana da ɗan gurguzu yana sane da cewa ɗan gurguzu ne tun 1934. Bidiyon yana nan a intanet har yau, in ka kalla sai ka rantse zaluntar bawan Allah ake yi. Ana gobe zai yi wannan taro kuwa, ministan harkokin waje Harold Macmillan ya miƙe a majalisa ya wanke shi tas, ya ce babu wani dalili da zai sa a ce ya ci amanar ƙasarsa. A wannan rana Philby ya shekara 21 cif yana yi wa Mosko aiki.

Su biyar ne aka fi sani: Kim Philby, Donald Maclean, Guy Burgess, Anthony Blunt da John Cairncross. Dukkansu sun yi jami'ar Kambirij, kuma dukkansu Tarayyar Sobiyat ta ɗauke su aiki a ɓoye a cikin shekarun 1930, suka kutsa ma'aikatar harkokin waje da MI5 mai kula da tsaron cikin gida da MI6 mai leƙen asirin waje, har da gidan da ake warware saƙonnin sirrin Jamus lokacin yaƙin duniya na biyu. Mutane kan ba da labarinsu kamar wasu aljanu ne masu wayon da ba a taɓa gani ba. Ni kam da na bi tarihin nasu ba wayonsu na gani ba, don biyu daga ciki mashaya ne na ƙin ƙarawa da in sun yi tatul sukan faɗi abin da ya isa a ɗaure su, abin da na gani shi ne gidan da ya ƙi yarda ɗansa zai iya sata, kuma ko bayan an ga hannun ɗan a cikin tukunya sai gidan ya koma neman yadda zai rufe maganar kar maƙwabta su ji.

Sai ka fara fahimtar zamanin kafin ka gane me zai kai ɗan masu hali ga gurguzu. A 1929 kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, abin ya watsu duniya, a Birtaniya marasa aikin yi suka kai kusan miliyan 3, gwamnatin jam'iyyar Leba da talakawa suka sa wa rai ta watse a 1931, Hitler ya hau mulki a Jamus a 1933, su kuma manyan Landan sai lallaɓa shi suke. A watan Fabrairun 1934 masu tattakin yunwa daga arewacin Ingila suka ratsa ta garin Kambirij, ɗalibai 'yan gata da yawansu ranar suka fara ganin talaka mai yagaggen takalmi ido da ido. To yaro ɗan shekara 20 mai kaifin ƙwaƙwalwa da zafin kai, ya duba ya ga jari-hujja ta gaza, ya ga 'yan fasist suna ta cin ƙasa, sai a ce masa ga wata ƙasa can gabas da babu mai gida babu bara, kuma ita kaɗai ce za ta iya taka wa Hitler birki. Ba su taɓa zama a cikinta ba, ba su san yunwar da ta kashe miliyoyi a Yukren a 1932 zuwa 1933 ba ko kuma sun ji sun toshe kunne, Rashar da ke cikin kansu daban, ta gaske daban.

Shi Philby ma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ubansa St John Philby ma'aikacin mulkin mallaka ne a Indiya, can aka haifi Kim a 1912, daga baya uban ya ɓata da gwamnatinsa ya koma Makka da Riyad ya zama na hannun daman Sarki Abdul'aziz na Saudiyya, ya musulunta a 1930 ya ɗauki suna Abdullahi. Ɗan ya gama Kambirij a 1933 ya wuce Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya ga yadda gwamnati ta buɗe wa unguwannin ma'aikata wuta da manyan bindigogi, ya auri wata 'yar gurguzu Litzi Friedmann ya taho da ita Landan. A watan Yunin 1934 aka haɗa shi da wani mutum a kan benci a lambun Regent's Park, mutumin ya ce sunansa Otto. Sunansa na gaskiya Arnold Deutsch, kuma shi ne ya ɗauko mafi yawan wannan rukuni.

Dabarar Deutsch ita ce zuciyar labarin. Bai je neman babban jami'in da zai saya da kuɗi ba, shuka ya yi ya zauna jiran damina. Ya lura cewa masu mulkin Ingila daga makarantu 'yan ƙalilan suke fitowa, in ka kama yaro mai hazaƙa tun yana Kambirij, shekara goma masu zuwa da ƙafarsa zai shiga inda sirri yake ba sai ka tura shi ba. Sharaɗin kawai shi ne ya yanke hulɗa da jam'iyyar gurguzu a fili, ya nuna wa duniya ai ƙuruciya ce kuma ta wuce. Haka Philby da Burgess suka shiga wata ƙungiyar ƙawancen Ingila da Jamus mai sha'awar 'yan Nazi, Philby ya tafi Sifaniya a 1937 yana aika wa jaridar The Times labarin yaƙin basasa daga ɓangaren Janar Franco, har Franco da hannunsa ya maƙala masa lambar yabo a 1938. Ɗan leƙen asirin Stalin da lambar Franco a ƙirji, tab.

To yaya suka shige ba a tantance su ba? Ai babu tantancewar ne. A wancan lokaci MI6 ba ta tallar aiki, a kulob ko wajen cin abinci wani zai ce akwai wani yaro ɗan wane, a gwada shi. Da aka zo ɗaukar Philby a 1940 mataimakin shugaban hukumar, Valentine Vivian, iyakar shaidar da ya bayar ita ce ya san iyayensa. Da ya tambayi uban batun gurguzun da ɗan ya yi a jami'a, uban ya ce shirmen yarinta ne, shikenan an wuce wajen. Maclean kuwa ɗan tsohon minista ne, Sir Donald Maclean, da ya je intabiyu a ma'aikatar harkokin waje a 1935 aka tambaye shi ra'ayinsa na gurguzu, ya ce eh ya yi, kuma bai gama rabuwa da shi kwata-kwata ba, dattawan suka ji daɗin wannan gaskiya tasa suka ɗauke shi. Mu nan ma mun ɗanɗani wannan tsari ta wata fuskar, don yawancin Di'o-Di'o da Razdan-Razdan da aka riƙa turo wa lardunan Arewa daga Oksfod da Kambirij ɗin nan ake kwaso su, kuma ba da jarrabawa ba, da intabiyu da takardar shaidar wani babba ne. Wato alfarma da sanayya da muke ta zagin kanmu a kai, waɗanda suka kawo mana aikin ofis ma da ita suka gina nasu.

Cairncross ne kaɗai ba ɗan gata ba a cikinsu. Ɗan wani mai shagon kayan ƙarfe ne daga wani ƙauye a Sikotlan, da ƙwaƙwalwarsa ya shiga, ya zo na ɗaya a jarrabawar shiga aikin gwamnati a 1936. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da suka kwasa ba kaɗan ba ne. Philby da bakinsa ya faɗa wa jami'an leƙen asirin Jamus ta Gabas a wata lacca a 1981, wadda BBC ta tono bidiyonta a 2016, cewa abota kawai ya ƙulla da mai kula da ɗakin ajiyar fayil, suna ɗan shan giya tare sau biyu ko uku a mako, daga nan duk fayil ɗin da yake so sai ya ɗauka, da yamma ya cika jaka ya fita da ita, ya miƙa wa mutumin Rasha a ɗauki hoto, da safe ya mayar. Shekara da shekaru haka. Blunt yana cikin MI5 daga 1940 zuwa 1945 yana miƙa musu abin da hukumar ta sani da sunayen ma'aikatanta. Cairncross ya yi sakataren wani minista, Lord Hankey, inda takardun farko na shirin ƙera bam ɗin nukiliya suka bi ta teburinsa, sannan ya koma Bletchley Park, gidan nan da ake warware saƙonnin sirrin Jamus, a 1942, ya riƙa ɗauko saƙonnin sojan saman Jamus da aka warware yana ba Rasha gab da yaƙin Kursk na 1943, inda aka yi ɗaya daga cikin manyan karon tankoki a tarihi. Lissafin da ya fito daga ɗakunan ajiyar Rasha ya nuna shi kaɗai ya miƙa takardu sama da 5,800 tsakanin 1941 da 1945. Maclean yana ofishin jakadancin Birtaniya a Washinton daga 1944 zuwa 1948 yana karanta saƙonnin da ke tsakanin Churchill da shugabannin Amurka, daga baya ma ya zama sakatare a kwamitin haɗin gwiwa kan harkar nukiliya. A 1944 kuma MI6 ta buɗe sashe na musamman don yaƙar leƙen asirin Sobiyat, ta duba ta duba ta ɗora Philby a kai. An ba kura ajiyar nama, har da makullin ɗakin.

Abin dariyar shi ne Mosko kanta ta daɗe ba ta yarda da su ba. Wata jami'a mai nazarin rahotanni, Elena Modrzhinskaya, ta zauna ta yi lissafi ta ce ba zai yiwu a ce Turawan Ingila da duniya ke tsoron wayonsu su ɗauki mutanen da kowa ya san sun yi gurguzu a jami'a su ba su irin waɗannan kujeru ba, dole tarko ne. Kuma duk sanda aka tambaye su sunayen 'yan leƙen asirin Ingila da ke cikin Rasha sai su ce babu wasu na kirki, wanda gaskiya ce, amma a zamanin Stalin wanda ya ce babu maƙiyi shi ne maƙiyin. A 1943 aka sanar da ofishin leƙen asirin Sobiyat na Landan cewa a ɗauki mutanen nan a matsayin 'yan yaudara, sai a 1944 aka janye zargin. Matar ba wawuya ba ce fa, lissafinta daidai ne, abu ɗaya ta kasa ganewa, wato yadda sanayya take aiki a Landan.

Kar kuma wani ya ɗauka wasan takardu ne kawai babu jini. A ƙarshen watan Agustan 1945 wani jami'in leƙen asirin Sobiyat a Santambul mai suna Konstantin Volkov ya je ofishin Birtaniya ya ce yana so ya sauya sheƙa shi da matarsa, kuma zai kawo tsaraba, ciki har da bayanin mutum biyu da ke yi wa Mosko aiki a ma'aikatar harkokin waje da wani guda da ke shugabantar wani sashen kama 'yan leƙen asiri a Landan. Takardar ta iso Landan, shugaban MI6 Stewart Menzies ya kira wanda ya fi yarda da shi a harkar Rasha ya miƙa masa. Philby kenan. A daren ya sanar da mutanensa, sannan ya yi ta jan ƙafa, bai isa Santambul ba sai ƙarshen Satumba, kafin nan an riga an cusa Volkov da matarsa a jirgi an yi Mosko da su, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Shekara ta zagayo aka ba Philby lambar girmamawa ta OBE. Akwai kuma mutanen da Ingila da Amurka suka riƙa shigarwa Albaniya ta ruwa da ta sama daga 1949 don su tayar wa gwamnatin Enver Hoxha da hankali, da yawansu suna sauka suka tarar ana jiransu, aka kashe su aka bi danginsu. Masana tarihi suna jayayya kan kason Philby a wannan, don shirin dama yana yoyo ta ko'ina, amma yana cikin masu kula da shi daga Washinton kuma bai taɓa nuna nadama a kai ba.

Abin da ya fara tona su ba wani ƙwazon MI5 ba ne, kuskuren Rasha ne. Saƙonnin da ofisoshinta ke aikawa Mosko ana kulle su da wasu jerin lambobi da doka ta ce sau ɗaya tak ake amfani da kowane shafi a ƙone shi, amma cikin matsin yaƙi aka buga wasu shafukan sau biyu. Wannan 'yar ɓaraka ce ta ba Amurkawa damar warware wani ɓangare na saƙonnin a wani shiri da ake kira Venona. A ciki aka ga wani mai laƙabin Homer yana fitar da sirri daga ofishin jakadancin Birtaniya a Washinton, aka yi ta tace sunaye, har wani saƙo na 1944 ya nuna Homer yana zuwa New York wajen matarsa mai juna biyu. Matar Maclean, Melinda, a New York take da ciki a lokacin. Matsalar ita ce tun 1949 wakilin MI6 a Washinton, mai haɗa ta da hukumomin leƙen asiri da binciken Amurka, CIA da FBI, wanda ake nuna wa sakamakon Venona, Philby ne.

Kuma ka dubi halin da mutanen nan biyu suke ciki a lokacin. Maclean a Alƙahira a 1950 ya sha ya bugu ya shiga gidan wata ma'aikaciyar ofishin jakadancin Amurka ya farfasa kaya, aka dawo da shi gida aka ce gajiya ce, ya ɗan ga likita, bayan 'yan watanni aka naɗa shi shugaban sashen Amurka na ma'aikatar, ana tsakiyar yaƙin Koriya. Burgess kuwa ba a magana, ƙazami ne, bakinsa ba linzami, ya zagi wanda ya ga dama a wajen liyafa, amma ya yi Eton, makarantar 'yan manya, ya yi BBC, ya san kowa, sai aka tura shi Washinton ya sauka a gidan Philby. A rana ɗaya 'yan sandan jihar Bajiniya suka tare shi sau uku saboda gudun wuce sa'a, jakada ya koro shi Landan, ya iso da saƙon cewa Maclean ya gudu. Masu bin sawun Maclean na MI5 kuwa iyakarsu tashar jirgin ƙasa, in ya hau jirgin komawa gidansa a wajen gari sai su ma su tafi gida. Ranar Juma'a 25 ga Mayu 1951, ranar da ya cika shekara 38, shi da Burgess suka tuƙa mota zuwa Southampton suka hau jirgin ruwa zuwa Faransa. Duniya ba ta sake ganinsu ba sai a Fabrairun 1956 a Mosko.

Tafiyar Burgess ce ta jiƙa wa Philby aiki, don ba a shirya zai bi Maclean har can ba, kuma kowa ya san a gidan wa ya zauna. Philby ya ɗauki kyamararsa da sauran kayan aiki ya binne a daji a wajen Washinton, shugaban CIA Walter Bedell Smith ya ce a ɗauke masa shi daga ƙasar. A Landan lauya Helenus Milmo ya yi masa tambayoyi ya fito yana da yaƙinin ɗan leƙen asiri ne, Dick White na MI5 ma haka. Amma babu hujjar da za a kai kotu, don in an kawo Venona gaban alƙali an tona wa Rasha abin da ake ɓoyewa, abin da Philby ya riga ya gaya musu tuntuni. Nan kuma rigimar aji ta shigo. MI5 ta fi cika da tsofaffin 'yan sanda da sojoji da ma'aikatan mulkin mallaka, MI6 kuwa ta 'yan manya ce, suna ganin waɗancan ƙananan mutane ne ke son ɓata wa nasu suna. Abokansa irin su Nicholas Elliott suka tsaya masa tsayin daka, aka sallame shi da kuɗin sallama, bayan Macmillan ya wanke shi kuma aka samo masa aikin jarida da The Observer da The Economist a Bairut a 1956, MI6 ta ci gaba da biyansa ta bayan fage.

Sai a 1962 wata tsohuwar ƙawarsa Flora Solomon ta faɗa wa Victor Rothschild, tsohon jami'in MI5, cewa tun shekarun 1930 Philby ya taɓa neman jawo ta aikin yi wa Mosko leƙen asiri. Me aka yi? Ba a kira shi gida an kama ba, ba a tura ɗan sanda ba, amininsa Elliott aka tura Bairut a Janairun 1963 ya zauna da shi ana shan shayi, ya yi masa tayin cewa in ya faɗi komai ba za a gurfanar da shi ba. Philby ya ba da guntun iƙirari mai haɗe da ƙarya, Elliott ya bar garin ba tare da an sa masa ido ba, daren 23 ga Janairu ana ruwan sama ya hau wani jirgin dakon kaya na Sobiyat mai suna Dolmatova ya nufi Odesa. Har yau akwai masu cewa da gangan aka bar masa ƙofa a buɗe, don shari'arsa a Landan za ta fi gudunsa tona asiri, kuma ni ma hankalina ya fi kwanciya da wannan fassarar.

Na Blunt ya fi kowanne nuna inda aka dosa. Shi masanin zane-zane ne, shugaban cibiyar nazarin zane-zane ta Courtauld, mai kula da zanukan fadar sarauta tun 1945, dangi ne na nesa ga mahaifiyar Sarauniya, an ba shi sarautar Sir a 1956. Bayan wani Ba'amurke Michael Straight ya fallasa shi, a Afrilun 1964 aka yi masa alkawarin ba za a taɓa shi ba, ya amsa laifinsa. Daga nan fa? Ya koma bakin aikinsa a fada har 1972, da sarautarsa da komai, jama'a ba su san komai ba tsawon shekara 15, sai a Nuwamban 1979 Firaminista Margaret Thatcher ta faɗi sunansa a majalisa, sannan aka tuɓe masa sarautar. Ya mutu a gidansa a Landan a 1983. Cairncross da aka ga rubutun hannunsa a ɗakin Burgess, shi ba a nema masa aikin jarida ba, an tilasta masa ajiye aiki a 1952 ya fita waje neman abinci, ya amsa laifi a 1964, ya yi aiki da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Rum, sunansa bai fito sosai a matsayin na biyar ba sai a 1990 ta bakin Oleg Gordievsky wanda ya gudo daga KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyat.

Cikin su biyar babu wanda ya kwana ɗaya a gidan yari saboda leƙen asirin, babu wanda ya tsaya gaban alƙali a kansa. Yanzu kwatanta da George Blake, shi ma jami'in MI6 ne da ya yi wa Mosko aiki, amma haifaffen Holan ne, uwarsa 'yar can, ubansa Bayahude daga gabas, ba shi da kawu a kulob. A 1961 aka yanke masa shekara 42, sai da ya haura katangar gidan yarin Wormwood Scrubs a 1966 ya tsere. John Vassall, ƙaramin akawu a ma'aikatar sojan ruwa, shekara 18 a 1962. Klaus Fuchs, masanin kimiyya ɗan gudun hijira daga Jamus, shekara 14 a 1950. Za a ce ai waɗannan sun amsa laifi a yanayin da za a iya kai su kotu, gaskiya ne, amma tambayar ita ce wa aka yi wa tayin afuwa tun kafin ya buɗe baki, wa kuma ba a yi wa ba. A laccar nan ta 1981 Philby da kansa ya ce abin da ya tsare shi shekaru shi ne ajin da aka haife shi a ciki, da kuma manyan da suka san in ya faɗi su ma za su sha kunya, shawarar da ya ba masu sauraronsa kuma ita ce ko an nuna maka takarda da rubutun hannunka ka ce jabu ce, kar ka taɓa amsawa.

Masu kare su sukan ce ai ba don kuɗi suka yi ba, aƙida ce, kuma lokacin yaƙi Rasha ƙawar Ingila ce, sojojinta ne ke mutuwa da miliyoyi. Wannan hujja tana da ɗan ƙarfi a kan Cairncross da Kursk, ban musa ba. Amma ba ta ɗaukar sauran kayan. A Agustan 1939 Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitler ɗin da suka ce saboda shi suka shiga, ba su fita ba, alhali wani abokin Burgess mai suna Goronwy Rees a nan ya ja da baya. Theodore Maly, ɗaya daga cikin jami'an da suka rene su, an kira shi Mosko an harbe shi a 1938, sun sani, ba su fita ba. Bayan 1945 babu Hitler, suka ci gaba. Ni a ganina abin da ya riƙe su ya wuce tausayin talaka, akwai girman kai irin na wanda aka rena a kan cewa shi ya fi kowa sanin abin da ya dace da duniya, da daɗin zama cikin 'yan tsirarun da suka san abin da sauran ba su sani ba. Tarbiyyar da ta sa aka yarda da su ita ce dai ta sa suka ga sun fi ƙarfin doka.

Ɓarnar da ta biyo baya ma ta kusa kai wadda suka yi da hannunsu. Amurka ta daɗe tana ɗari-ɗari da ba Ingila sirri. James Angleton na CIA, wanda ya sha cin abincin rana da Philby a Washinton yana zuba masa zance, ya koma zargin kowa, ya shafe shekaru yana farautar ɓeraye a cikin hukumarsa yana lalata aikin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. A MI5 wasu suka dage cewa shugabansu Roger Hollis ma na Mosko ne, har sai da Thatcher ta fito a 1981 ta ce bincike bai nuna haka ba. Tantance ma'aikata ta hanyar tono tarihinsu kuwa sai bayan gudun 1951 aka fara ta da gaske.

Aljannar da suka yi wa bauta kuma da suka isa ba ta yi musu daɗi ba. An fara ajiye Burgess da Maclean a Kuybyshev, garin da baƙi ba sa shiga. Burgess bai taɓa koyon Rashanci na kirki ba, daga Landan yake odar kayan sawa, yana yawo da laƙatayen makarantar Eton a wuya, giya ta kashe shi a 1963 yana da shekara 52. Maclean ne kaɗai ya zauna da gaske, ya koyi harshen, ya yi aiki a wata cibiyar nazarin harkokin duniya, ya mutu a 1983 aka kai tokarsa Ingila. Philby ya iso yana zaton babban hafsan KGB ne shi, ya tarar a wajensu ɗan rahoto ne kawai, aka sa masa masu gadi da na'urar sauraro a gida, ya ƙwace wa Maclean mata na ɗan lokaci, ya nutse a giya har sai da ya auri Rufina Pukhova a 1971 ta ɗan tsamo shi, yana karanta tsofaffin kwafin The Times yana bin sakamakon wasan kurket, kuma sai da ya shekara 14 a Mosko kafin a gayyace shi hedikwatar hukumar da ya yi wa aiki tun yana ɗan shekara 22. Ya mutu a Mayun 1988 aka binne shi da faretin soja a maƙabartar Kuntsevo. A 1990 gidan waya na Sobiyat ya buga kan sarki mai hotonsa, na kofek 5.